Idan Wuta Ta Yi Ƙasa, Amfiya Hawa Take Ko Sauka?

Auwalu Kurna: Assalamu alaikum manyan gida. A taimaka wa ɗan koyo. An kawo mana dutsen guga shago, mai shi ya ce ba ya zafi kamar da. A jikinsa an rubuta wat 1000, bolt 230. Na jona shi, na auna wutar soket ta ba ni bolt 180, na maƙala kilam mita, wato mitar da ake maƙala wa waya don auna amfiya, ta nuna amfiya 3.4. To ni abin da aka koya min shi ne, ka ninka bolt da amfiya ka sami wat. Idan na raba 1000 da 180, ai kusan 5.6 ya kamata in gani. Ina sauran amfiya biyun suka shiga? Elemen ɗin, wato wayar da ke ba da zafi a cikinsa, shi ne ya fara mutuwa, ko mitata ce ke min ƙarya?

Oga Ɗanladi Mai Firji: Wa alaikumus salam. Yaro, elemen ya gaji, canja shi. Ƙa'idar aikinmu ɗaya ce: wuta ta yi ƙasa, amfiya ta yi sama. Shi ya sa lo karen ke ƙona kaya. Tunda taka ta sauka maimakon ta hau, akwai matsala a cikin dutsen.

Sadiku Mai Caji: Oga ya yi magana, magana ta ƙare. Sai a kawo kuɗin elemen.

Malama Hadiza Katsina: Ba ta ƙare ba tukuna, Sadiku. Oga Ɗanladi, a yi min afuwa, amma kada yaron nan ya cire elemen ɗin mutane. Lafiyarsa ƙalau, mitar ma gaskiya ta faɗa.

Auwalu, ɗauko takarda. Abin da ka auna da hannunka abu biyu ne, bolt 180 da amfiya 3.4. Daga su kaɗai za ka fitar da sauran biyun.

Turjiya, wato yadda waya ke tare wa wuta hanya, da om ake auna ta: raba bolt da amfiya. 180 ÷ 3.4 = om 52.9.
Ƙarfin da yake ci: ninka bolt da amfiya. 180 × 3.4 = wat 612.

Yanzu koma kan abin da kamfani ya rubuta. Wat 1000 a bolt 230 na nufin amfiya 4.35, domin 1000 ÷ 230 ke nan. Sai ka raba 230 da 4.35, me ka samu? Om 52.9 dai. Ka ga lissafin rubutun jikinsa da awon mitarka sun haɗu a wuri ɗaya. Elemen ɗin yana nan yadda aka ƙera shi.

Inda ka bar hanya shi ne ka ɗauki wat 1000 a matsayin abin da ba ya canjawa. Dutsen guga bai san an rubuta masa 1000 ba. Abin da yake da shi a jikinsa waya ce mai turjiyar om 53, ita ce ba ta motsi. Ka ba ta bolt 230 ta ba ka wat 1000, ka ba ta 180 ta ba ka 612. Ka gaya wa mai shi matsalar tana layin unguwarsu.

Auwalu Kurna: Ikon Allah! Malama, ke nan bolt ya sauka da kamar kashi 22 cikin ɗari, amma zafin ya sauka da kusan kashi 40? Yaya aka yi ba su tafi daidai ba?

Malama Hadiza Katsina: Saboda an rage maka ta fuska biyu. Bolt ya ragu, raguwarsa kuma ta ja amfiya ƙasa, sannan ka zo ka ninka ragaggu biyu. Shi ya sa ake rubuta shi P = V × V ÷ R, inda P wat ne, V bolt, R kuma turjiya. Gwada: 180 × 180 = 32,400, raba da 52.9, ka dawo 612. Da wutar za ta koma rabi, bolt 115, ba rabin zafi za ka samu ba, kwata za ka samu, wat 250.

Oga Ɗanladi Mai Firji: Malama, ina girmama allo da alli, amma ni da hannuna nake cire kwamfureson firji da ya ƙone. Duk damina haka muke yi, ranar da wuta ta zo ja-ja kamar garwashi, washegari shago ya cika da firji. In amfiya sauka take yi, me ke ƙona su? Sanyi? Na sha maƙala mita a wayar firji a irin wannan lokaci, wanda ya saba jan ƙasa da amfiya ɗaya in gan shi yana jan biyar, shida. Wannan ba labari aka ba ni ba.

Sadiku Mai Caji: To fa! Yau ake yin ta. Ni dai na samo benci.

Injiniya Kabiru Sola: Oga Ɗanladi, abin da kuka gani a mita gaskiya ne, ba mai musa muku. Abin da Malama ta lissafa shi ma gaskiya ne. Kaya ne ba iri ɗaya ba.

Duk abin da aikinsa zafi ne kawai, dutsen guga, hita, butar dafa ruwa, risho na lantarki, turjiyarsa a tsaye take. Wuta ta sauka, amfiya ta bi ta. Irin waɗannan ƙarancin wuta ba ya ƙona su, sai dai ya mai da su malalata.

Mota, wato injin lantarki mai juyawa irin na cikin kwamfureso, daban ce. Oga, ku auna kwayil ɗin kwamfureson ƙaramin firji a kashe, za ku ga abin da bai wuce om goma sha wani abu zuwa ashirin da wani abu ba. A ce 20. In da dokar raba bolt da om ce kaɗai ke aiki, 230 ÷ 20, da kullum yana jan fiye da amfiya 11. Amma ba ya ja. Dalili, da zarar mota ta fara juyawa sai ita ma ta zama kamar ƙaramin janareta, tana haifar da nata bolt da ke tokare wanda ke shigowa. Juyawarta ce ke kare ta. Shi ya sa a daƙiƙar farko ta tashi take fizgar ninki biyar zuwa bakwai na abin da ta saba ci, sannan ta lafa.

Ranar da wuta ta yi ƙasa, kwamfureso ba shi da ƙarfin ture gas ɗin da ke gabansa. Sai ya tsaya yana gurnani, bai juya ba, ba abin da ke tokare wutar. Obalod, ɗan makunnin da ke kare shi daga zafi, ya yi ƙas ya yanke, ya huce, ya sake jonawa, ya sake gurnani. Haka zai kwana yana yi har fentin jikin kwayil ya narke. Biyar da shidan da kuka gani a mita ke nan.

Oga Ɗanladi Mai Firji: To ai maganata ke nan. Amfiya ta hau.

Injiniya Kabiru Sola: A firji ta hau. A dutsen gugar Auwalu ta sauka.

Oga Ɗanladi Mai Firji: Ni firji nake gyarawa, ba wanki da guga ba.

Malama Hadiza Katsina: Oga, ai kun ci rabin shari'a, a bar mana rabi. Bari ma in ƙara muku hujja a ɓangarenku. Zafin da ke tashi a cikin kwayil ana lissafa shi da P = I × I × R, inda I ita ce amfiya. Kwayil mai om 20 da ke ɗauke da amfiya ɗaya, wat 20 na zafi yake fitarwa, ba komai. Ya koma amfiya 6, sai 6 × 6 × 20, wat 720 a cikin gwangwanin da ke rufe ruf. Amfiya ta ninku shida, zafi ya ninku talatin da shida. Ba kwayil ɗin da zai daɗe a haka.

Isuhu Maraɗi: Salamu alaikum jama'a, ina biye da ku daga nan. Akwai kashi na uku da ba a ambata ba. Cajar waya da ta kwamfuta, da talabijin na yanzu, ku duba jikinsu za ku ga an rubuta bolt 100 zuwa 240. Su wat suke riƙewa. Caja mai buƙatar wat 60, in kuran, wato wuta, ya zo 230 ta ja kamar rubu'in amfiya, in ya faɗo 120 ta ja wajen rabin amfiya, aikinta bai canja ba. Lissafin da Auwalu ya fara yi, na raba wat da bolt, a nan yake da gida.

Sadiku Mai Caji: Yawwa, an zo unguwarmu. Shi ya sa ko wuta ta zo kamar ta kyandir ni sana'ata ba ta tsayawa.

Injiniya Kabiru Sola: Sitabilaiza ma haka take, kuma nan ne mutane ba sa lura. Ba ta ƙirƙirar wuta, musanya take yi. In kayanka na cin amfiya 5 a bolt 220, wat 1,100 ke nan. Layi ya kawo bolt 140, dole ta zuƙo 1,100 ÷ 140, kusan amfiya 8, kafin a sa abin da ita kanta take ɓatarwa. Wayar da ke shiga cikinta ita ke shan wahala, ita za ka taɓa ka ji ɗumi. Kuma idan kowane gida a layin ya sa sitabilaiza, kowa na ƙara jan amfiya, wayar kan falwaya na ƙara zubar da bolt, gidajen ƙarshen layi su ƙara shiga uku. Don haka maganar Oga cewa ƙarancin wuta na sa wayoyi zafi, a unguwa mai yawan firji da famfo da sitabilaiza, haka take.

Auwalu Kurna: Na gode ƙwarai. Amma ga wani abin da ya sake rikita ni. Da na ji maganar om sai na zare dutsen daga soket na auna shi kai tsaye, ya ba ni 51 da ɗoriya, kusa da lissafin Malama. Sai na ce bari in gwada da tsohon ƙwan nan mai zare, na wat 100. A lissafi, 230 × 230 ÷ 100, om 529 ya kamata. Mita ta ba ni 38. Na canja batirin mitar, 38 dai. In na bi wannan, ƙwan zai ci wat kusan 1,400 ke nan, ya fi dutsen guga!

Malama Hadiza Katsina: Ka yi aikin ɗalibi na gari. Dukkan lambobin biyu daidai ne, ɗaya na sanyi ɗaya na zafi. Zaren cikin ƙwan da ƙarfen tangistin aka yi shi, kuma in yana ci zafinsa na kaiwa wajen digiri 2,500. Turjiyar ƙarfe tana ƙaruwa da zafi, ta tangistin a irin wannan zafin takan ninku fiye da goma. Kai ka auna shi yana sanyi. Wat 1,400 ɗin da ka lissafa ma ba ƙarya ba ce, yana cin kusan hakan, amma na ƙiftawar ido, kafin zaren ya yi ja. Ka taɓa lura irin wannan ƙwan ya fi mutuwa a daidai lokacin da aka danna makunni? Dalilin ke nan.

Shi kuwa elemen na dutsen guga, da naikurom ake yin sa, gaurayen nikel da kuromiyam. An zaɓe shi ne don turjiyarsa ba ta cika motsi da zafi ba, kaɗan take ƙaruwa. Shi ya sa 51 ɗinka na sanyi da 53 na zafi suke maƙwabtaka.

Dokar nan ta bolt da amfiya da turjiya, wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, ya wallafa ta a 1827, kuma sharaɗinta shi ne zafin wayar ya zauna yadda yake. Ɗalibaina sukan haddace V = I × R su bar sharaɗin a aji. Raba bolt da amfiya kullum zai ba ka turjiyar abu a wannan lokacin da ka auna. Ko za ta zauna a haka in ka canja bolt, wannan sai ka san abin da ke hannunka.

Oga Ɗanladi Mai Firji: Tunda yaro ya fara wasa da mita, bari in faɗi abin da ba a allo yake ba. Kada ka kuskura ka auna om alhali kaya na jone da wuta. Zare fulogi tukuna. In akwai kafasita a ciki, sauke cajinta. Na biyu, in ka mai da jar wayar mita ramin amfiya 10, kada ka soka ta a soket wai za ka ga amfiyar da ke ciki. A wannan saitin mitar kamar guntuwar waya take, ka haɗa layif da nutural ke nan. In ka yi sa'a fis ɗin mitar ya tafi, in ba ka yi ba ta fashe a hannunka. Na uku, kilam waya ɗaya ake maƙala wa. Ka haɗa biyun a bakinta za ta ba ka sifili, don mai tafiya da mai dawowa sun kashe juna.

Auwalu Kurna: In sha Allahu, Oga. Na kilam ɗin maigidana ya nuna min, muna da guntun ekstenshan da aka tsaga bayansa don haka.

Hajiya Binta Sakkwato: Sannunku da ƙoƙari malamai. Ni ba ma'aikaciyar wuta ba ce, 'yata ce ta sa ni a zauren nan saboda sola. Tambayata ta masu biyan kuɗi ce. Tunda kun ce in wuta ta yi ƙasa butar ruwa tana cin wat kaɗan, ke nan katin mitata zai fi daɗewa?

Injiniya Kabiru Sola: Hajiya, barka da yamma. Ina ma haka ne. Mitar gida ba wat take ƙirgawa ba, wat a ninka da lokaci take ƙirgawa. Yunit ɗaya shi ne wat 1000 na tsawon awa ɗaya. Ruwa kuma ba ya yin ragi: lita biyu daga digiri 25 zuwa tafasa na buƙatar kusan kashi 18 cikin ɗari na yunit ɗaya, ko ta wace hanya. Buta mai wat 2000 a cikakkiyar wuta za ta gama cikin minti biyar da 'yan daƙiƙu. A bolt 180 ta koma wat 1,225, sai ta kai minti takwas da rabi. Yunit ɗin ɗaya ne. Har ma ya ɗan fi, don duk tsawon jiran nan zafi na tsiyayewa ta jikin butar.

Hajiya Binta Sakkwato: Oh ni! To Allah ya kyauta. Sai ɗaya kuma. Ƙanena ya aiko min da injin gasa burodi daga Amurka, ina jonawa ya yi ja, ya yi ƙara, hayaƙi ya tashi. An ce wai wutarmu ce ta fi ƙarfinsa. Amma a jikinsa wat 1000 ne, daidai da dutsen gugata da ke aiki lafiya.

Isuhu Maraɗi: Hajiya, ku duba kusa da wat ɗin za ku ga bolt 120, ita ce wutar gidajen Amurka. An yi masa elemen na 120 × 120 ÷ 1000, wato om 14.4. Kun ba shi 230. Sai ya ja 230 ÷ 14.4, amfiya 16, ya fitar da wat kusan 3,700. Kusan ninki huɗu na abin da aka gina shi a kai. Dutsen gugarku om 53 ne, shi 14, wat ɗin da ke rubuce ne kawai ya zo ɗaya. Masu sayen kayan gwanjo su riƙa duba bolt kafin wat.

Sadiku Mai Caji: Allah ya jiƙan burodi.

Admin: Sadiku, a rage barkwanci, ana karatu.

Oga Ɗanladi Mai Firji: Injiniya, tunda kai ne alƙali yau, warware min wannan. Famfon rijiyar burtsatse na auna, bolt 220, amfiya 5. A lissafinku wat 1,100. Wani yaro ya zo da irin mitar nan da ake sokawa a soket mai nuna wat, ta ce 880. Wa ke ƙarya?

Injiniya Kabiru Sola: Ba alƙali ba ne ni, Oga, ɗan aike ne. Ba mai ƙarya. Wutar gida tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. A elemen, bolt da amfiya tare suke hawa tare suke sauka, sai ninka su ya ba da wat cif. A cikin mota kuwa, saboda maganaɗisun kwayil, amfiya na ɗan biyo baya, ba sa kai ƙololuwa lokaci ɗaya. Wani kaso na amfiyar yana zuwa ne ya koma bai yi aiki ba. Don haka 220 × 5 ya ba ku 1,100 VA, wato bolt sau amfiya kawai, sai an ninka da fawa fakto, wato kason da ya yi aiki, wanda a naku ya kama 0.8, a sami wat 880.

Amfanin sanin wannan a wurin sayen inji ne. Janaretan da aka rubuta wa 2.5 kVA, in an yi lissafinsa a kan 0.8, wat 2,000 ne gaskiyarsa. Waya da fis da bureka kuma ba ruwansu da wat, amfiya 5 ɗin nan cikakkiya suke ɗauka. In za ku zaɓi waya, ku bi kilam mitarku. In za ku lissafa yunit, ku bi mitar yaron.

Isuhu Maraɗi: Injiniya, taɓo mana ɓangaren batir, don a nan ne nake ganin ɓarna. Mutum ya sayi inbata mai kyau da batir mai tsada, a haɗa masa da wayar da ta rage daga wayarin ɗin ɗaki. Dare na yi inbata ta fara kuka, a ce batir jabu ne.

Injiniya Kabiru Sola: Wannan kullum ne. Mu yi shi da lamba. Kaya na wat 600 a bolt 230 amfiya 2.6 ne kacal, kowace waya ta ɗauka. Amma ta ɓangaren batir mai bolt 12, 600 ÷ 12, amfiya 50 ne, ban ma sa asarar inbata ba.

Turjiyar wayar tagulla: ninka tsawonta a mita da 0.0175, ka raba da kaurinta, wato lambar mm da ake kiran wayar da ita. A ce batir na nesa da inbata mita uku, zuwa da dawowa shida, an sa waya mai 4mm. 0.0175 × 6 ÷ 4 = om 0.026. Abin dariya ko? To ninka da amfiya 50: bolt 1.3 ya zube a hanya. Batir na kan 11.8, inbata na ganin 10.5, inda da yawansu ke yankewa. Ga kuma 50 × 50 × 0.026, wat 65 da ke tafiya a ɗumama waya, abin da ya isa ya juya fankar sama.

Sa 25mm a wurin: om 0.0042, bolt 0.2 ya zube, asara wat 10. Ko ka koma tsarin bolt 24 da wannan 4mm ɗin dai: amfiya ta dawo 25, asara ta dawo wat 16, kwatan ta farko.

Malama Hadiza Katsina: Wannan lissafin ne ya sa manyan layukan ƙasa suke kan bolt 330,000 da 132,000, a sauko 33,000 da 11,000, sai tiransifomar unguwa ta mai da shi na gida. A ɗaga bolt don amfiya ta yi ƙasa, asarar hanya ta ragu.

Isuhu Maraɗi: Layin da ke shigo mana daga Katsina ta Gazawa ma 132,000 ne. Da a 230 za a turo shi, ko kan iyaka ba zai kai ba.

Oga Ɗanladi Mai Firji: Ku bar manyan layuka, ku dawo cikin ɗaki. Abin da ya fi cin gidajen mutane soket ne mai sako-sako. Ka buɗe ka ga sukurun bai ɗauru ba, wayar ta yi baƙi, robar gefen ta yi ruwan ƙasa ta ƙandare, tana warin kifi. Malama, yi mana lissafin wannan, ni na san shi da hanci ne kawai.

Malama Hadiza Katsina: Hancinku ya riga lissafi, Oga. A ce mahaɗar ta yi tsatsa ta sami rabin om kacal. Aka jona butar da ke jan amfiya 9. 9 × 9 × 0.5, wat 40 ke nan a kan sukuru ɗaya, daidai da an bar ƙarfen soda a kunne cikin bango. Kuma fis ba zai yanke ba, bureka ba za ta faɗi ba, don amfiyar ba ta wuce ƙa'ida ba. Zafin ya ƙara tsatsa, tsatsa ta ƙara om. Da cajar waya ce a wannan soket ɗin, mai jan kashi ɗaya cikin goma na amfiya, ba abin da zai faru ko shekara nawa, shi ya sa mai gida zai rantse soket ɗin lafiya yake.

Fulogi mai ƙafa uku irin namu iyakarsa amfiya 13, wato 13 × 230, wat 2,990. Buta mai 2000 da dutsen guga mai 1000 a ekstenshan ɗaya sun riga sun cika mudu, in ma ekstenshan ɗin na kirki ne.

Auwalu Kurna: Injiniya, wannan 0.0175 ɗin zai iya tona asirin wayar jabu? Akwai wani nadi da wani kwastoma ya sayo da kansa don a yi masa aiki, an rubuta 2.5mm, mita 100, amma maigidana ya ɗaga ya ce bai yi masa nauyi ba.

Injiniya Kabiru Sola: Sosai ma. 0.0175 × 100 ÷ 2.5, om 0.7 ya kamata, ko ya ɗan ɗara kaɗan. Nemo bakin wayar biyu, ka kankare su su yi haske. Kafin ka auna, haɗa bakin wayoyin mitarka da juna ka ga abin da suke nunawa su kaɗai, ka cire shi daga sakamakon. Ƙananan mitoci ba su da kaifi a ƙasa da om ɗaya, amma za su nuna maka bambanci in babba ne. Alminiyam turjiyarsa ta fi ta tagulla da kamar kashi 60 cikin ɗari.

Auwalu Kurna: Na auna. Wayoyin mita kaɗai 0.3. Da nadin 1.5.

Injiniya Kabiru Sola: Saura 1.2. Ko dai an rage mata kauri, ko alminiyam ne aka yi wa rigar tagulla. Kankare sili ɗaya da wuƙa ka duba cikinsa.

Auwalu Kurna: Fari ne tas, Injiniya.

Oga Ɗanladi Mai Firji: Kira mai ita ya zo ya gani da idonsa kafin ku yanka ko taku ɗaya, in an yanka ba za a karɓa ba. Kuma ko ya ce a sa a haka, kada ku ja ta zuwa soket ɗin kicin ko na na'urar sanyaya ɗaki.

Isuhu Maraɗi: Ka auna tsawonta ma. Irin waɗannan sau da yawa ko mita 100 ɗin ba ta cika ba, in kuwa ta gaza, to 1.2 ɗin nan ya fi yadda muke zato muni.

Auwalu Kurna: To, bari in nemo tef. Maigida ya ce a warware ta a bayan shago bayan la'asar.